Kalmar sirri ɗaya, rumfunan awon shinkafa shida

Wurin da aikin

A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanan Kadawa, ana girbin shinkafa sau biyu a shekara: ta damina a kaka, ta rani kafin ruwan sama ya zauna. Wani Alhaji mai sayen shanshera a wannan yanki yana da rumfunan awo 6 a ƙauyuka daban-daban, ofishinsa da sitonsa kuma suna cikin gari. Manomi zai kawo kayansa rumfa, a ɗora a sikeli, akawu ya shigar da suna da kilo da farashi, ya ba shi 'yar takarda. Washegari ake biyansa daga ofis, wasu a hannu, wasu ta asusun banki.

A kowace rumfa akwai ƙaramar kwamfuta ƙirar Raspberry Pi mai aiki da Linux, da sola da batir, da rauta mai layin waya. Irin waɗannan layuka ba kasafai suke barin a kira na'ura daga waje ba, don haka tun farko an haɗa rumfunan da ofis ta keɓaɓɓiyar hanya ta WireGuard, kowace na'ura da nata adireshin na cikin gida. Wannan ɓangaren bai taɓa ba da wahala ba. Wani matashi ɗan yankin, wanda ya karanci kwamfuta, shi ke kula da na'urorin duka. Da ya zo kafa su, katin memori ɗaya ya shirya ya kwafa sau 6, saboda haka sunan shiga ɗaya ne, kalmar sirri ma ɗaya. Da ita akawu ke buɗe kwamfuta da safe, da ita shi ma matashin ke shiga daga ofis.

Aikin da ake bukata kowane dare bai da yawa: a shiga kowace rumfa ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin sirri, a ba da umarnin fitar da awon ranar, a kwaso fayil ɗin zuwa ofis, domin akawun biya ya wayi gari da jerin sunaye a gabansa.

Farkon Oktoba: da hannu

Da kaya suka fara shigowa, matashin yakan zauna bayan sallar isha'i ya bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ta tambayi kalmar sirri sau biyu, ɗaya wajen ba da umarni, ɗaya wajen kwaso fayil. In sabis ya yi kyau, abin ba ya kai rabin awa. In sabis na ɗaukewa, sai dare ya raba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ba a kwaso komai ba, manoma suka cika ƙofar ofis, akawun biya yana kiran rumfuna a waya ana karanto masa sunaye.

Alhaji ya kira shi ya ce, “Malam, aikin nan ba zai yiwu ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Ka sa na'urar ta riƙa yi da kanta.” Ya ce, “In sha Allahu, ranka ya daɗe.”

Ya rubuta jerin umarni a fayil, ya ɗora shi a kan `cron`, mai tayar da aiki in lokacinsa ya yi, ya sa ƙarfe 10 na dare. Ga kalmar sirri kuwa, ya gwada abin da kusan kowa ke fara gwadawa: ya turo ta da umarnin `echo` ta bututu, wato hanyar miƙa rubutu daga shiri zuwa shiri, zuwa cikin `ssh`. Ba ta shiga ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shirin `ssh` ba ya karɓar kalmar sirri ta mashigar da bayanai ke bi. Kai tsaye yake neman tagar buga umarni da mutum ke zaune a gabanta, wato `/dev/tty`. Da gangan aka yi shi haka. Tatu Ylönen ya rubuta SSH a Finland a 1995 bayan an kama ana satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu, kuma OpenSSH, wanda ya fito daga OpenBSD a 1999, shi ne ke kan kusan kowace Linux yanzu. Masu shirin ba su so kalmar sirri ta riƙa yawo a cikin fayiloli. A ƙarƙashin `cron` babu taga ko kaɗan, don haka aikin ya faɗi nan take a rumfunan 6.

Tsakiyar Oktoba: expect

Dabara ta biyu ita ce `expect`, tsohon shiri da Don Libes ya ƙirƙiro a Amurka a 1990. Yana buɗe taga ta bogi, ya zauna yana jiran wata kalma ta bayyana, sannan ya buga amsa kamar mutum ne. Matashin ya ce masa ya jira `password:` sannan ya aika kalmar sirri. Da rana, a gaban idonsa, ya yi aiki lafiya lau.

Da dare ne ya riƙa sulluɓewa. In ba a gaya masa ba, daƙiƙa 10 kawai `expect` ke jira. In kalmar ba ta bayyana ba, ba ya tsayawa, sai ya wuce layi na gaba. Rumfuna biyu da ke can nesa da titi sukan ɗauki fiye da haka kafin su amsa. Sai ya aika kalmar sirri tun kafin a tambaye shi. A wannan lokacin tagar ba ta fara ɓoye rubutu ba, don haka kalmar ta fito ƙuru-ƙuru a fayil ɗin rahoton aiki, sannan da tambayar ta iso babu mai amsa ta. Ya ƙara lokacin jira zuwa daƙiƙa 60, abin ya ragu. Amma kowace sabuwar tambaya da bai yi tanadinta ba takan sake kayar da aikin, jerin umarnin kuma ya yi ta tsawo har shi kansa ya fara ɓacewa a ciki. Kafin watan ya ƙare ya ajiye shi.

Nuwamba: sshpass

`sshpass` aiki ɗaya aka yi shi domin ya yi: ya ba `ssh` taga ta bogi ya miƙa kalmar sirri in an tambaya. Layi ɗaya ya maye gurbin wancan dogon rubutu. Da farko ya yi amfani da `-p`, kalmar a rubuce cikin umarnin. Littafin shirin da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan ce hanya mafi rauni, domin wani mai amfani da kwamfutar zai iya hango ta a jerin ayyukan da ke gudana, kuma tana zama a tarihin umarni. Ya koma `-f`, ya ajiye kalmar a wani fayil da shi kaɗai ke iya karantawa. Kusan mako biyu fayiloli suna zuwa kowace safiya.

Sai katin memorin wata rumfa ya mutu, abin da ba baƙo ba ne inda batir ke ƙarewa kwamfuta na tsakiyar rubutu. Ya sa sabon kati da sabon tsari. Kowace na'ura tana da shaidar kanta da take nunawa mai shigowa, kwamfutar ofis kuma tana adana shaidun da ta sani a `known_hosts`. Da ta ga shaidar wannan rumfa ta canza, ta ƙi shiga. Ya ƙara `StrictHostKeyChecking=no`, mai sassauta binciken shaida; duk da haka `ssh` ya ƙi miƙa kalmar sirri ga na'urar da shaidarta ta saɓa da wadda ke rubuce. Sai ya ƙara `UserKnownHostsFile=/dev/null`, wato kada a tuna da shaidar kowa. Aiki ya ci gaba. Daga wannan dare, duk na'urar da ta amsa a adireshin rumfa za a miƙa mata kalmar sirrin kasuwancin gaba ɗaya ba tare da tambaya ba.

Ƙarshen Nuwamba: canjin kalmar sirri

Ɗaya daga cikin akawuna ya bar aiki, rabuwar kuma ba ta yi daɗi ba. Alhaji ya ce a canza kalmar sirri a ranar. Matashin ya canza ta a rumfuna 4 daga ofis. Biyun nan na nesa ba su da sabis da yammacin, ya bari sai gobe. Ya gyara fayil ɗin ofis da sabuwar kalma, tunda fayil ɗin kalma ɗaya yake ɗauka.

Da dare sabis ya dawo. Jerin umarnin ya je wa rumfunan biyu da sabuwar kalma, suka ƙi. Saboda yawan ɗaukewar sabis, tun da farko ya tsara cewa in ba a samu shiga ba a sake gwadawa bayan minti ɗaya, kuma bai bambance rashin sabis da ƙin kalmar sirri ba, ko da yake `sshpass` na fita da lamba 5 (lambar da shiri ke bari in ya gama don nuna yadda aiki ya kaya) musamman domin kalmar da ba daidai ba. A na'urorin akwai `fail2ban`, mai toshe adireshin da ya yi kuskure sau 5 cikin minti 10. Asalinsa minti 10 yake toshewa, amma shi ya mayar da shi kwana guda. Rumfunan biyu suka toshe ofishinsu.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne jerin umarnin bai yi kuka ba. Sunan fayil ɗin kowace rumfa ba ya canzawa, sabo ne ke hawa kan tsoho. Da sabo bai zo ba, na jiya ya zauna a wurin, akawun biya ya buɗe shi ya fara kiran sunaye. Wani dattijo da ya shigo gari cefane ya ji an kira shi, ya matso ya ce, “Malam akawu, ai jiya ka biya ni wannan.” Akawu ya ce, “Baba, tsaya in duba,” ya ɗauko littafin rasit. Nan aka dakatar da biya. Waɗanda suka yi awo jiya, da ya kamata a biya su a ranar, suka koma gida hannu wofi, matashin kuma ya hau babur zuwa ƙauyukan biyu ya buɗe toshiyar ya canza kalmar a gaban na'ura.

Ba a yi mako ba, akawun wata rumfa ya ga sabuwar kalmar ta yi masa tsawo, ya canza ta zuwa wadda zai iya riƙewa. Kwamfutarsa ce, kuma ba wanda ya gaya masa akwai wani aiki da ke rataye da ita. Dare ya yi, wannan rumfar ma ta faɗi.

Disamba: makulli

Da hada-hadar kaka ta lafa, ya zauna ya sake gini daga tushe, a kan shiga da makulli maimakon kalmar sirri. `ssh-keygen -t ed25519` na samar da fayiloli biyu da suka dace da juna. Ɗaya kamar kwaɗo yake, ana iya rataya shi a ƙofa nawa aka ga dama, kowa ya gan shi ba komai. Ɗayan ɗan makullin ne, yana zama a kwamfutar ofis. Wajen shiga ba a aika ɗan makullin ta hanya. Rumfa na bukatar sa hannu a kan bayanin wannan haɗuwa kaɗai, ofis ya sa da makullinsa, rumfa ta gwada da kwaɗon da ke wurinta. Ko na'urar bogi ce ta amsa, ba ta samun abin da za ta sake amfani da shi. Nau'in ed25519 ya shigo OpenSSH a fitowa ta 6.5 a 2014, don haka duk na'urorinsa sun san shi.

Ya buɗe sabon asusu a kowace rumfa, na aikin dare kaɗai, wanda ba shi da kalmar sirri kuma ba akawun da ke shiga da shi. Ya sa kwaɗon a `authorized_keys` na wannan asusu. Abubuwa huɗu suka tare shi, ba kuma nauyinsu ɗaya ba.

A rumfa ɗaya makullin ya ƙi aiki, ana ta neman kalmar sirri. Rahoton `sshd` na can, wato shirin da ke karɓar masu shigowa, ya nuna dalilin: wasu na da izinin rubutu a babbar foldar asusun. `sshd` ba ya yarda da kwaɗon da wani zai iya sauyawa. Ya mayar da izinin `.ssh` zuwa 700, na `authorized_keys` zuwa 600, wato mai asusun kaɗai ke iya taɓa su, ya cire izinin rubutun, shi ke nan.

Na biyu ya fi cin lokaci, domin shawara ce ba gyara ba. Da farko ya rufe ɗan makullin da tasa kalmar sirrin, ya loda shi a `ssh-agent`, wakilin da ke riƙe makulli a buɗe. A tagarsa yana aiki, a `cron` ba ya yi, domin `cron` bai san inda wakilin yake ba. Akwai yadda ake nuna masa, amma wutar ofis na ɗaukewa, kuma duk sanda kwamfuta ta sake tashi sai mutum ya zo ya buga kalmar, an koma gidan jiya ke nan. Ya zaɓi makulli marar kalmar sirri, amma ya ɗaure shi tamau daga ɓangaren rumfa. A gaban kwaɗon ya rubuta sharuɗɗa uku: `from=` da adireshin ofis, don kada a karɓe shi daga wani wuri; `command=` da sunan umarnin fitar da awo, ta yadda ko me mai makullin ya nema, wannan umarni kaɗai zai gudana; da `restrict`, wanda ya zo a fitowa ta 7.2 a 2016, mai hana buɗe taga da ratsa hanya zuwa wasu na'urori. Ya sa umarnin ya riƙa turo awon kai tsaye ta wannan haɗuwar, don haka shiga biyu ta koma ɗaya. Domin nasa aikin na gyara kuwa, ya yi wani makulli daban mai kalmar sirri a kwamfutarsa ta hannu.

Na uku: umarnin fitar da awo na bukatar ikon shugaban na'ura don karanta ma'ajiyar bayanai, `sudo`, mai ba da wannan iko, kuma ya tsaya neman kalmar sirri. Da `visudo` ya ƙara layi ɗaya a `/etc/sudoers.d` mai ba wannan asusu `NOPASSWD`, wato ba sai da kalmar sirri ba, a kan wannan umarni guda da cikakken sunansa. Bai rubuta `ALL`, wato kowane umarni, ba, ko da yake shi ne mafi sauƙi.

Na huɗu ya ba shi mamaki. A sabon tsarin ya jera rumfunan a fayil, yana karanto su layi-layi da `while read`. Ta farko kawai ake yi, aikin ya ƙare ba tare da wani kuskure ba. `ssh` ne ke haɗiye sauran layukan, yana zaton saƙo ne zuwa rumfa. Ƙara `-n` ya warware shi.

Sauran gyare-gyaren sun shafi abin da ya faru a Nuwamba. `BatchMode=yes` na hana `ssh` tsayawa tambayar komai, in makulli bai yi ba ya faɗi nan take. `ConnectTimeout=30` na hana jira marar iyaka. Jerin umarnin yanzu yana duba lambar fita, kuma 255 na nufin `ssh` ne kansa ya kasa. Awo na sauka a fayil na wucin gadi, sai an kammala lafiya ake sa masa suna mai kwanan wata. Sake gwadawa sau 3 ne, tsakani minti 20. Da safe akawun biya na ganin takarda ɗaya: rumfa kaza ta zo, rumfa kaza ba ta zo ba.

Ya cire layukan nan biyu da suka kashe binciken shaida. A nan ya lura rumfuna 5 shaida ɗaya suke nunawa, gadon katin da aka kwafa. Ya zagaya ƙauyukan, ya goge tsofaffin shaidu, ya samar da sababbi da `ssh-keygen -A`, ya kwafi tambarin kowace a littafi yana tsaye a gabanta, ya dawo ofis ya gwada da abin da kwamfutar ofis ke gani. A zagayen ne ya ba kowane akawu asusunsa da kalmarsa. Daga ƙarshe, bayan ya tabbatar makullinsa na shiga ko'ina, ya sa `PasswordAuthentication no` don rufe shiga daga nesa da kalmar sirri, ya gwada tsarin da `sshd -t`, ya bar taga ɗaya a buɗe har ya ga sabuwar shiga ta yiwu kafin ya rufe ta.

Girbin rani

Da shinkafar rani ta fara shigowa, tsarin ya sha gwaji na gaske. Akawu ya canza kalmarsa, aikin dare bai ji ba. Wani ya tafi, aka rufe asusunsa a rumfarsa kaɗai. Akwai dararen da rumfa ba ta zo ba saboda hadari ya hana batir cika ko sabis ya ɗauke, amma takardar safe ta faɗi hakan, akawun biya ya kira rumfar ya sanar da manoma kafin su taso. Ba a sake buɗe jerin jiya a matsayin na yau ba. Wani katin ya sake mutuwa. Da aka sa sabo, ofis ya ƙi shiga har sai da matashin ya tabbatar da sabon tambarin ya share tsohon da `ssh-keygen -R`. Biyan wannan rumfa ya yi jinkirin kwana ɗaya.

Hukunci

A ganina wata biyu na farko sun tafi ne wajen amsa tambayar da ba ita ce ta aikin ba. Ana ta neman yadda kwamfuta za ta buga kalmar sirri a madadin mutum, alhali kalmar ta mutum ce: yana iya canza ta, yana iya tafiya da ita, kuma tana buɗe komai. Duk dabarar da ta kwaikwayi yatsun mutum ta gaji wannan rauni, ta ƙara da na ajiye kalmar a rubuce. Abin da ya yi aiki shi ne raba shaidar na'ura da ta mutum, sannan a taƙaita abin da shaidar na'urar ke iya yi.

Ban ɗora laifi a kan `expect` ko `sshpass` ba. Akwai tsofaffin rautoci da na'urorin da ba su san makulli ba, kuma a can su ne mafita. A nan kuwa duk na'urorin sun iya makulli tun ranar farko. Haka kuma makulli ba shi ne ya magance abin da ya kusa jawo biya sau biyu ba. Duba lambar fita da sa kwanan wata a sunan fayil ne suka yi wannan, kuma da an yi su a Nuwamba da manoma ba su yi zuwan banza ba ko da `sshpass` ake aiki. Kashe binciken shaida shi ne mataki mafi haɗari a duk tafiyar, ko da yake bai haifar da ɓarnar da aka gani ba.

Akwai abin da ya rage. Ɗan makullin ofis ba shi da kalmar sirri, don haka wanda ya ɗauke kwamfutar ofis da saitin WireGuard ɗinta zai iya karanta sunayen manoma da kuɗinsu, ko da ba zai iya sauya komai ba, har sai an goge layin kwaɗon a rumfuna 6 an cire ofis daga keɓaɓɓiyar hanyar. Kuma tunda an rufe shiga da kalmar sirri, in kwamfutar hannun matashin ta ɓace, gyara daga nesa ya tsaya sai an je ƙauyuka. Saboda haka ya yi makullin gyara na biyu a filashi, yana cikin akwatin kuɗin Alhaji, kalmarsa kuma a rufaffen ambulan a wani wurin daban. Matakan goge makulli da sa sabo ya rubuta su da Hausa a littafin ofis, kuma akawun biya ya gwada su sau ɗaya a kan rumfa mafi kusa, matashin na zaune a gefensa.